Horon sanin makamar aiki a tattalin arzikin kiwon lafiya: abin da na tarar

Masu kammala karatun tattalin arziki da na lafiyar al'umma sun sha tambayata ko horon sanin makamar aiki da na yi a fannin kuɗin kiwon lafiya ya cancanci wahalarsa. Ya cancanta, kuma dalilai biyu ne suka sa: an damƙa mini aiki na gaske da alƙaluma masu cike da giɓi, sannan an samu wadda ta zauna ta duba abin da na yi layi bayan layi. Duk wurin da ya rasa waɗannan biyun, horonsa ɓata lokaci ne komai girman ofishin. Ba zan ambaci sunan wurin ba, domin akwai abin da zan yaba, akwai kuma wanda zan kushe. Ya isa a san cewa cibiyar bincike ce da ke ba ma'aikatun lafiya shawara kan kuɗi da ma'aikata, kuma takan ɗauki sababbin masu digiri su yi 'yan watanni.

Hanyar shiga ba ta da tsawo: takardar neman gurbi, ɗan gwaji a Excel, sai hira. Gwajin ya burge ni. Jadawalin kashe kuɗi aka ba mu, aka ce mu nuna abin da bai kwanta mana a rai ba. Daga nan na fahimci ba masu haddar darasi suke nema ba. A makon farko kuma karatu aka jibga mana, ciki har da maƙalar da masanin tattalin arziki Kenneth Arrow ya wallafa a 1963, wadda ake ɗauka a matsayin tushen fannin. Hujjarsa har yau tana nan daram: mutum bai san ranar da ciwo zai same shi ba, bai san maganin da yake buƙata ba, kuma wanda zai sayar masa da maganin shi ne dai zai faɗa masa abin da zai saya. Saboda haka ba a barin lafiya a hannun kasuwa kawai kamar sauran kayayyaki.

Sashen kuɗi shi ne ƙashin bayan shirin, kuma a nan na fi ƙaruwa. Tambayoyi uku aka ce mu riƙe duk inda muka shiga: daga ina kuɗin suke fitowa, a wane asusu ake tara su, kuma ta yaya ake biyan asibiti da ma'aikaci. Aikina na farko shi ne taimakawa wajen haɗa lissafin kuɗin lafiya na ƙasa bisa tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2011 tare da OECD, ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta ƙasashe masu ci gaba, da hukumar ƙididdiga ta Tarayyar Turai. A takarda abin mai sauƙi ne: kowane kuɗi da aka kashe sai a nuna hanyar da ya biyo, wanda ya karɓa, da hidimar da aka yi da shi. A aikace kuwa littattafan ma'aikatu ba a kan wannan tsari aka rubuta su ba. Za ka ga layi guda an rubuta "kayan aiki", ba ka san ko allurar rigakafi ba ce ko gyaran mota. Kuɗin masu ba da tallafi kuma yakan bayyana sau biyu, a rahoton wanda ya bayar da na ƙungiyar da ta karɓa ta kashe, kuma in ba ka yi hattara ba sai ka haɗa su ka ninka adadin. Babu aji a jami'a da ya taɓa nuna mini wannan.

A nan ne kuma na ga tazarar da ke tsakanin kuɗin da majalisa ta amince da shi, wanda baitulmali ya sake, da wanda aka kashe da gaske. Ana yawan ambaton alƙawarin da shugabannin Afirka suka ɗauka a Abuja a 2001 na ware aƙalla kashi 15 cikin 100 na kasafinsu ga lafiya, kuma gaskiya ne ƙasashe kaɗan ne suka taɓa cika shi. Amma wanda ya yi wata guda yana bin sawun kuɗi zai gane cewa kason da ke cikin kundin kasafi rabin labari ne. Kuɗin da aka sake a watan ƙarshe na shekara ba ya sayen maganin da ake buƙata tun watan farko.

Aiki na biyu, wanda har yanzu yake raina, shi ne lissafin iyalan da kuɗin magani ke durƙusarwa. Ma'aunin da muka yi amfani da shi shi ne wanda aka daɗe ana bi a muradun ci gaba mai ɗorewa na Majalisar Ɗinkin Duniya: gidan da ya kashe sama da kashi 10, ko kashi 25, cikin 100 na abin da yake kashewa gaba ɗaya a kan lafiya daga aljihunsa. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da Bankin Duniya suka fitar a 2023 ya ƙiyasta cewa kimanin mutum biliyan 1 ne suka haura wannan layi na kashi 10, kuma kusan biliyan 4.5 ba su samun cikakkiyar kulawar da ta zama dole. Da na fitar da nawa sakamakon daga binciken gidaje, sai ya nuna cewa gidajen da suka fi talauci ba su ne suka fi haura layin ba. Shugabar da aka ɗora ni a hannunta ba ta ba ni bayani ba. Tambayata ta yi, ina waɗanda suka yi ciwo suka zauna a gida suke a cikin jadawalin. Ba su ciki. Wanda bai je asibiti ba don ba shi da ko kuɗin mota, ma'aunin yana ganin bai kashe komai ba, sai ya lissafa shi cikin waɗanda suka tsira. Tun daga ranar ba na karanta wannan adadi sai na ajiye shi gefe da gefe da adadin masu zuwa asibiti. Irin wannan koyarwa ce nake nufi da na ce an duba aikina. Takan mayar mini da takarda cike da jan biro, kuma kowane gyara da dalilinsa.

Batun yadda ake biyan asibitoci an koyar da shi da kyau, ko da yake a gurguje. In ana biya bisa kowace hidima, gwaje-gwaje sukan yi yawa. In ana biyan kuɗi ƙayyadadde bisa kowane mutum da ya yi rajista, asibiti yakan so ya rage hidima ko ya tura majinyaci gaba. Misalin Tailan ne ya fi zauna mini: tun 2002 ta ɗauki nauyin lafiyar yawancin waɗanda ba su da inshora da kuɗin haraji, tana biyan ƙananan hidimomi bisa yawan masu rajista, kwanciya asibiti kuma bisa rukunin cuta a ƙarƙashin kasafi mai iyaka.

Sashen auna tsada da amfani bai gamsar da ni ba. An bayyana mana ma'aunin DALY, wanda ya shahara bayan rahoton Bankin Duniya na 1993, mai ƙirga shekarun lafiya da cuta ko mutuwar wuri ta cinye, da takwaransa QALY, mai ƙirga shekarun lafiya da magani ya ƙara wa mutum, da NICE, hukumar tantance magunguna ta Ingila, ke aiki da shi, wadda ta shafe shekaru tana ɗaukar fam dubu 20 zuwa dubu 30 a matsayin iyakar abin da za a biya don shekara guda ta cikakkiyar lafiya. Sai dai maimakon a bar mu mu gina lissafin da hannunmu, sai aka ba mu wanda aka riga aka gina, mu dai mu canza lambobi mu ga sakamako. Mutum zai iya fita daga nan yana rage darajar amfanin gaba da kashi 3 cikin 100 a kowace shekara ba tare da ya san dalilin yin hakan ba. Tambayar da ta fi muhimmanci, wato me za a fasa yi idan aka sayi wannan sabon magani, ba a ba ta lokacin da ta cancanta ba.

Babban ƙorafina yana kan sashen ma'aikata. Sunan shirin ya haɗa kuɗi da manufofin ma'aikatan lafiya, amma a cikin gida rukunonin biyu kusan ba sa zama a teburi ɗaya, kuma masu koyo ana tura su can ne a ƙarshe, lokacin da kowa ya fara tattara kayansa. Wannan kuskure ne babba, domin albashi yana cikin manyan abubuwan da ke cinye kasafin lafiya a kusan kowace ƙasa. An koya mana adadin da kowa ke ambata: rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006 da ya ware ƙasashe 57 masu matsanancin ƙarancin ma'aikata bisa ma'aunin likita da nas da ungozoma 2.3 ga kowane mutum 1,000, da dabarar hukumar ta 2016 da ta ɗaga ma'aunin zuwa 4.45 ta kuma yi hasashen giɓin ma'aikata miliyan 18 zuwa 2030, adadin da aka sauke a 2022 zuwa kusan miliyan 10. Duk wannan daidai ne. Amma da aka ba ni aikin ƙirga ma'aikata, sai na tarar da rajista uku da ba su yarda da juna ba: ta albashi, ta hukumar ba da lasisi, da ta asibitocin kansu. Ta lasisi tana ɗauke da waɗanda suka yi ritaya ko suka bar ƙasa. Ta albashi tana iya ɗaukar ma'aikatan bogi, kuma ba ta san waɗanda ke aikin sa-kai ko kwantiragi ba. Ta asibiti ce ta fi kusa da gaskiya, ita ce kuma ta fi giɓi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ganin ƙasa na iya fama da ƙarancin ma'aikatan jinya a asibitoci alhali ga ɗimbinsu sun gama makaranta suna zaune ba aiki. Buɗe sabuwar makarantar jinya ba ya warware wannan. Matsalar tana ma'aikatar kuɗi, inda aka ƙayyade yawan albashin da gwamnati za ta iya biya. Wanda ya koyi ƙirga ma'aikata bai koyi lissafin albashinsu na shekaru masu zuwa ba, zai rubuta shawarar da ba za a taɓa aiwatarwa ba. Ni da kaina na roƙi a bar ni in haɗa jadawalin ma'aikata da na albashi, kuma an yarda, amma bai kamata ya zama sai mai koyo ya roƙa ba. Hanyar WISN, wadda ke ƙididdige yawan ma'aikatan da asibiti ke buƙata bisa nauyin aikin da yake ɗauka maimakon yawan gadaje, zama ɗaya aka yi mana a kanta. Haka ma batun ƙaurar likitoci: an ambaci ƙa'idar ɗaukar ma'aikatan lafiya tsakanin ƙasashe da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2010, da jerin ƙasashe 55 da aka fitar a 2023 waɗanda aka nemi a daina zuwa farautar ma'aikatansu, amma ba a tsaya an tattauna cewa ƙa'idar ta ganin dama ce, ba ta da hukunci, kuma ba ta hana mutum neman aiki a waje da kansa.

Sai maganar alawus. Ana biya, kuma a kan lokaci, abin yabo ne idan aka tuna cewa wurare da yawa ba sa ba masu koyo ko sisi. Amma bai kai ya riƙe mutum a birnin da ofishin yake ba. Waɗanda muka yi horon tare kusan duk akwai mai tallafa musu a gida, kuma na san masu hazaƙa da suka samu gurbi suka haƙura saboda kuɗin haya. Wannan ya dame ni ƙwarai. Fannin da kullum yake nazarin yadda rashin kuɗi ke hana talaka shiga asibiti ya kamata ya fi kowa lura da yadda rashin kuɗi ke hana ɗan talaka shiga fannin, domin wanda ya taso a gidan da aka taɓa sayar da kadara don biyan kuɗin tiyata yana ganin abin da jadawali ba ya nunawa.

A gefen alheri, an saka sunana cikin waɗanda aka gode wa a rahoton da na yi wa aiki, kuma an bar ni na gabatar da sakamakona da bakina a gaban jami'an ma'aikata. An kuma horar da ni rubuta takardar shawara mai shafi biyu, wadda babban jami'i zai karanta a tsaye kafin ya shiga taro. Wannan ya fi rubuta rahoto mai shafi hamsin wuya nesa ba kusa ba. Alƙawarin aiki bayan horo kuwa babu, kuma sun faɗi haka tun ranar farko, abin da na fi so a kan a yi ta ja wa mutum rai.

Shirin zai dace da wanda ya riga ya iya Excel sosai kuma ya taɓa manhajar ƙididdiga irin Stata ko R, domin ba za a tsaya koya maka su daga tushe ba. Likita ko nas mai son komawa fannin manufofi zai amfana matuƙa, in dai ya shirya zaman kwamfuta na tsawon yini. Wanda yake tsammanin tafiye-tafiye da tarurruka zai gaji da wuri. Kafin ka sa hannu a irin wannan horo a ko'ina ne, tambayi sunan wanda zai duba aikinka da kuma sau nawa za ku zauna, tambayi wane aiki takamaimai za a ba ka da abin da zai fito daga cikinsa, sannan ka nemi a haɗa ka da waɗanda suka yi horon a bara. In shirin ya haɗa kuɗi da ma'aikata kamar wannan, nemi a rubuta tun farko cewa aikinka zai taɓa ɓangarorin biyu, kuma a kai ka sashen ma'aikata da wuri, tun rajistocin uku suna da lokacin da za a daidaita su.