Mai gyaran intakom da ya fara da awo kafin ya ce a sayi komai

Jama'a bari in yaba wa wani bawan Allah mai gyaran wayoyin ofis a nan Katsina, don gaskiya ya fidda ni kunya. Ni ke kula da wani ƙaramin masaukin baƙi ta wajen Ƙofar Ƙaura, ɗaki 14, muna da akwatin intakom na Panasonic da ke haɗa risefshan da ɗakuna, sai layin waje guda biyu da ke fitowa daga na'ura mai sim, tunda wayar tangaraho ai ta zama tarihi.

Damina na sauka abu ya rikice. Ka ɗaga waya sai ka ji zuuu kamar tiransifoma, wata ta yi ta ƙara da kanta babu mai kira, har wani Alhaji ya fito ƙarfe biyun dare yana faɗa wai wa ke tashinsa, ɗaki na 9 kuma kullum bizi ko da babu kowa ciki. Wanda muka fara kira ko sukundireba bai ciro ba ya ce akwatin ya ƙone, a aika Kano a sayo sabo.

Shi wannan da ya zo sai ya cire duk wayoyin daga jikin akwatin ya fiddo mita yana auna su ɗaya bayan ɗaya, ni ko na tsaya kansa ina ta tambaya, bai gaji da ni ba. Ya ce ranka ya daɗe layin waje in an aje kan waya bolt 48 ake samu ko kusa da haka, kuma irin wutar batir ce wato DC, in ka ɗaga ta faɗo wajen 6 zuwa 12, in tana ringin kuma ta haura har kusan 90 na AC wato irin wutar NEPA, shi ya sa take jan mutum in yana riƙe da tsirarar waya aka kira. Layukan ɗakuna na ƙananan akwatina irin namu ashirin da wani abu suke badawa. Duk bakunan akwatinmu suka nuna daidai, lahiyarsa lau.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne wayar da ta tafi ɗakunan baya, ba a jone take da komai ba amma mita na nuna wutar AC wajen bolt 30 tsakaninta da ƙasa. Ya ce in kashe birekar na'urorin sanyaya ɗaki, ina kashewa lamba ta zube. Ashe wanda ya yi mana wayarin a paip ɗaya ya zura wayar tarho da kebul ɗin na'urorin sanyaya ɗakin, suna tafe jiki da jiki wutar bolt 230 na shafar ta, wannan zuuu ɗin ita ce. Ɗaki na 9 kuma ruwan sama ne ya shiga mahaɗar da ke bango ta waje, wayoyin sun yi kore sun fara taɓa juna, bolt ya faɗi 11, akwatin yana zaton an ɗaga waya. Wayar at ɗinmu ma, wato wadda ake binnewa a ƙasa don kariya, a yanke ya same ta, ina kyautata zaton aikin 'yan jari bola ne.

Ya ja sabuwar waya ta hanyarta daban, ya sake mahaɗar ya rufe ta ruf, ya maida at.

Inda zan rage masa maki, ya ce bayan azahar sai da aka yi la'asar ya iso, kuma ba ya da rasit sai da na rubuta a takarda ya sa hannu don in nuna wa oga. Kuɗinsa ma ba arha ba, amma ko kusa da kuɗin sabon akwati bai kai ba. Ya ce lallai mu sa na'urar kare tsawa a layukan kafin wani hadarin, har yanzu dai oga bai saki kuɗin ba, ga shi yau ma gabas ta haɗo.