Kamfas, waya ko na'urar GPS: wanne za ka fara saya?

Akwai wasanni biyu da masu yawo a wuraren shaƙatawa na Turai da Amurka suke yi, kamarsu ɗaya a ido amma kayan aikinsu daban. Na farko shi ne orienteering: a miƙa maka taswira, ka riƙe kamfas, ka bi ka nemo wasu tashoshi ɗaya bayan ɗaya. Sojojin Suwidin ne suka faro shi a matsayin horo a ƙarshen ƙarni na 19, aka kuma yi gasar farko ta farar hula a Norwe a 1897. Na biyun, geocaching, wato neman akwatin da wani ya ɓoye ta hanyar bin GPS, na baya-bayan nan ne. Ranar 3 ga Mayun 2000 wani mai suna Dave Ulmer ya ɓoye bokiti a jihar Oregon ya wallafa lambobin GPS na wurin a intanet, jim kaɗan bayan gwamnatin Amurka ta daina dagula siginar GPS da farar hula ke samu. Yau akwatunan da aka ɓoye a duniya sun haura miliyan 3.

Haɗa su a fita guda ba wuya. A wurare irin su Hampstead Heath a Landan da Heaton Park a Manchesta an kakkafa turaku na dindindin masu lamba, kowa na iya samun taswirarsu ya bi su ranar da ya ga dama, kuma a irin waɗannan filaye ne masu ɓoye akwati suka fi ajiye kayansu. Sai mutum ya bi turaku da taswira, ya ratse ya nemo akwati da GPS, ya dawo kan hanya. Inda ake ɓarnar kuɗi shi ne wajen sayen kaya, domin yawancin sababbin shiga na'ura mafi tsada suke fara nema. Ni a ganina kamfas mai kyau ne farko, wayar da ke aljihunka ta biyu, na'urar GPS kuwa ta jira sai buƙatarta ta bayyana.

Kamfas iri uku ne za ka tarar a kanti. Wanda na fi ba da shawara shi ne mai faffaɗan gindi na roba garai-garai, wanda ake ɗorawa a kan taswira ana ganin zanen ta cikinsa. Kamfanin Silva na Suwidin, da aka kafa a 1933, da shi ya yi suna, sai Suunto na Finlan da ya zo a 1936. Suunto A-10 da A-30 da Silva Ranger duk wannan fasali ne, kuma kuɗinsu bai kai ko kusa da na na'urar GPS ba. Abin dubawa a jikinsa: allurar tana iyo a cikin ruwa, zoben da ake murzawa yana da digiri daga 0 zuwa 360, gefensa kuma akwai ma'aunin santimita. A kula, akwai samfurin sojoji da aka raba zobensa gida 6,400, wannan ba zai yi maka amfani ba. Haka ma kamfas ɗin duba alƙibla da muka saba da shi, sau da yawa lambobin jikinsa an tsara su ne don garuruwa, ba digiri ba ne.

Iri na biyu shi ne wanda ake ɗaurawa a babban yatsa. 'Yan tsere suna ji da shi saboda allurarsa na tsayawa nan take, taswira da kamfas kuma suna hannu ɗaya. Sai dai da yawa daga cikinsu ba su da digiri sam, kuma a nan ne suke gazawa ga mai haɗa wasannin biyu. Akwai akwatunan da ake nema mataki-mataki, inda za ka isa wuri ka tarar da 'yar takarda ta ce ka tafi mita 120 a digiri 65. Ba digiri a hannunka, tafiya ta tsaya. Iri na uku, mai murfi da madubi kamar Suunto MC-2, kaya ne mai inganci ga mai hawan duwatsu da ke auna tsauni daga nesa. A filin shaƙatawa nauyi ne da ƙarin kuɗi kawai.

Wani abu da masu saye ta intanet ke tsallakewa shi ne yankin da aka ƙera allurar dominsa. Maganaɗisun duniya ba gefe kaɗai yake jan allura ba, har ƙasa yake janta, kuma ƙarfin wannan ja ya bambanta daga wuri zuwa wuri. Shi ya sa masu ƙira ke daidaita nauyin allura gwargwadon yanki. Wadda aka yi wa arewacin Turai, in aka kai ta Ostireliya sai ta karkace tana gogar gindi. Arewacin Najeriya da kudancin Nijar suna daf da layin da wannan ja yake sauya alƙibla, don haka wanda zai riƙa yawo da kamfas ɗinsa tsakanin nahiyoyi gara ya ƙara kuɗi ya ɗauki mai allurar duk duniya, irin wanda Suunto ke sa wa harafin G.

Sai waya. A fili ba rufi, wayar zamani kan nuna inda kake da kuskuren da bai wuce kimanin mita 5 ba, kuma wannan ya isa. Manhajar Geocaching kyauta ce ga akwatuna masu sauƙi, sauran sai da biyan kuɗi, masu Android kuma suna da wata manhajar mai suna c:geo. GPS ɗin kansa ba ya cin data, taswirar ce ke ci, don haka a sauke ta tun daga gida. Raunin waya sananne ne: caji na zuba in allo na kunne, rana na hana gani, ruwan sama na rikita allo. Kamfas ɗin cikinta kuma ba abin dogaro ba ne, musamman in rigar wayar tana da maganaɗisu a murfi. Fawa-bank da jakar leda mai zif sun magance fiye da rabin wannan.

Na'urar GPS ta hannu tana da ranarta. Garmin eTrex 22x da 32x suna aiki da batir AA guda biyu har kimanin awa 25, suna jure ruwa, maɓallansu na dannuwa ko da safar hannu. In yara za ka miƙa wa, ko malami ne kai da zai fita da ɗalibai, ko kana yini a daji, kuɗin bai tafi a banza ba. Amma ka lura da bambancin da ke tsakanin waɗannan biyun, don a hoto kamar tagwaye suke. 32x tana da kamfas na lantarki a ciki, 22x ba ta da shi. Ita 22x sai kana tafiya take gane inda ka fuskanta. Da zarar ka tsaya a gindin bishiya kana juyawa, kibiyar allo ta daina faɗin gaskiya, alhali a daidai lokacin ne ka fi buƙatarta. Mai kamfas na hannu bai damu ba: ya karanta digiri a allo, ya murza zobe, ya bi allura. Wannan kaɗai ya isa dalilin fara sayen kamfas. Manyan na'urori irin GPSMAP 67 sun fi riƙe sigina a ƙarƙashin itatuwa masu duhu, amma ba zan ce sabon shiga ya kai can ba.

Kar kuma ka ɗauka tsada za ta kai ka kan akwati daidai. Wanda ya ɓoye shi ma da kuskuren na'urarsa ya auna wurin. In ka haɗa nasa da naka, mita goma na ƙarshe aikin ido ne: ramin kututture, ƙarƙashin benci, tarin itace da bai yi kama da wanda iska ta tara ba.

Taswirar ita ce mafi araha a kayan, ita ce kuma ke buƙatar natsuwa. Ta filin shaƙatawa yawanci 1:10,000 ce, wato santimita ɗaya mita 100, ko 1:4,000, santimita ɗaya mita 40. Launukanta na ruɗar baƙo: fari daji ne da ake iya ratsawa da gudu, rawaya fili ne, kore kuwa sarƙaƙiya. Galibi ba ta ɗauke da layukan lambobin GPS da geocaching ke amfani da su, saboda haka tun a gida za ka buɗe manhaja ka ɗiga wuraren akwatunan da biro a kan takardar. Layukan arewa da ke kanta na maganaɗisu ne, na'ura kuwa sau da yawa arewa ta ainihi take bi sai an sauya mata. A Birtaniya tazarar kaɗan ce yanzu, amma a birnin Siyatil na Amurka ta kai kusan digiri 15, wanda a tafiyar mita 200 zai kauce da kai fiye da mita 50. A gasa ta hukuma an hana neman hanya da GPS, sai dai akwai manhajar MapRun da ke yin ƙara idan ka iso tasha, kai kuma kana bin takarda.

In a kanti za ka sayi kamfas, ka ɗauko biyu ko uku ka nisanta su da juna, da waya, da makullai, da kantar ƙarfe, ka ga ko duk wuri ɗaya suke nunawa. Ka juya shi da sauri ka duba ko allura ta natsu cikin daƙiƙa biyu zuwa uku. Wanda ka ga babban kumfa a cikin ruwansa, ko zobensa na santsi da kansa, ka mayar ka karɓi wani.