Takalmin roba a fadamar shinkafa: yana kare ƙafa, amma da sharaɗi

Duk mai noman rani a fadamar Argungu ya san halin da ƙafa take shiga daga Disamba zuwa Fabrairu. Da safe tana cikin laka mai sanyi, da rana iskar hunturu ta busar da ita, dunduniya ta yi faso har jini, tsakanin yatsu kuma cin ruwa ya yi fari yana ƙaiƙayi. Akwai waɗanda wanke ƙafa wajen alwala ma sai sun cije baki. Wannan ne ya sa na sayi dogon takalmin roba, baƙi, mai kaiwa ƙasan gwiwa, irin wanda ake jerawa a babbar kasuwar Birnin Kebbi da ta Jega.

Amfaninsa ba a ɓoye yake ba. Faso ya ragu ƙwarai, domin jiƙewa da bushewa a jere su ne suke tsaga fata. Ƙaya da tsinken kara sun daina shiga tafin ƙafa. Sannan ga tsargiya, wadda tsutsarta take fitowa daga dodon koɗi ta huda fatar mutum a cikin ruwa. Takalmin yana rage wannan haɗari, kodayake hannu yana nan cikin ruwan, don haka wanda ya ga jini a fitsari kada ya ce ai yana da takalmi, ya tafi asibiti.

Inda nake so 'yan'uwa manoma su saurare ni shi ne batun zufa. Roba ba ta shan iska. Rana tana ɗagawa ƙafa za ta jiƙe sharkaf a ciki, kuma ɗumi da laima su ne abin da ƙwayar cutar cin ruwa take so. Na ga wanda ya sayi takalmin don gudun cin ruwa, ya ƙare da wanda ya fi na da muni, saboda yana cire shi ya jefar a zaure, gobe ya mayar da ƙafa cikin danshin jiya. Ni safa ta auduga nake sawa, ina da ta canji. In na dawo gida sai in ɗauraye cikinsa, in kifa shi a kan turke ya sha iska. Ƙafa kuma a wanke, a tsane tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya, a shafa man kaɗe ko basilin a dunduniya kafin kwanciya, amma ban da tsakanin yatsu. Idan cin ruwan ya riga ya kama, man clotrimazole na kemis yana aiki, sai dai a jure shafawa mako 2 zuwa 4, ba a daina don ƙaiƙayi ya lafa ba.

Kada a yi aron takalmin. Tsiron nan mai tauri da yake fitowa a tafin ƙafa, mai ɗige-ɗige baƙaƙe a tsakiya, wata ƙwayar cuta da ake kira HPV ce take kawo shi, kuma a wuri mai laima take ratsa fatar da ta tsage. Yanka shi da reza yaɗa shi yake yi. Mai ciwon suga kuwa, ko ɗan ƙurji takalmin ya yi masa, ya nuna wa likita da wuri.

Aibin takalmin na biyu, bayan zufa, shi ne nauyi. A laka mai zurfi lokacin dashe yakan kafe, ka ɗaga ƙafa ta fito ta bar shi. Ya fi dacewa da ban ruwa, zuba taki da zagaya kunyoyi.

Wajen saye, a ɗauki wanda ya ɗara ƙafa kaɗan saboda safa, a lanƙwasa shi daidai gindin yatsu a gani. Idan robar ta yi fari-fari a wurin, ba zai kai ƙarshen rani ba. Nawa a nan ya fara tsagewa, mai facin taya ya liƙe min shi, kuma har yanzu ruwa bai shiga ba.