Filafilan Sauya Giya a Sitiyari: Na Kamfani, Na Kasuwa ko Haɗin Gida?

Tun da Ferrari ta shigo da filafilan sauya giya, wato ƙananan farantai biyu da ke bayan sitiyari, cikin tseren motoci na Formula One a shekarar 1989, sannan ta saka su a motar titi ƙirar F355 a 1997, masu motocin otomatik da dama ke sha'awar sauya giya da yatsu ba tare da sakin sitiyari ba. Sai dai kafin mutum ya kashe ko sisi, wajibi ne ya fara duban sandar giyar motarsa. Idan tana da gurbin da ke ɗauke da alamar + da −, to ƙananan makunnai ne a ƙarƙashinta suke aika wa ƙwaƙwalwar giyabos saƙo, kuma filafilan za su iya aika irin wannan saƙon. Idan kuwa tsohuwar mota ce mai P, R, N, D, 2 da L kawai, shawarata ita ce a haƙura, domin aikin zai kai ga taɓa giyabos ɗin kansa.

Zaɓin da ya fi kwanta mini a rai shi ne sitiyarin kamfani da aka ciro daga mota iri ɗaya wadda ta zo da filafilan tun asali, kamar Toyota Camry SE ta 2012 ko Honda Accord Sport ta 2013. Ana iya nemansa a Ƙofar Ruwa a Kano ko Ladipo a Legas. Amma sitiyarin shi kaɗai ba ya wadatarwa. A bayansa akwai wata siririyar waya naɗaɗɗiya da ke kai wuta zuwa hon da jakar iska mai kare direba a haɗari yayin da sitiyari ke juyawa, kuma dole ne ta kasance tana da layukan da filafilan ke buƙata, in ba haka ba sai an sayo wadda take da su. A wasu motocin ma sai an haɗa da kwamfuta an buɗe tsarin kafin su yi aiki.

Na kasuwa iri biyu ne. Waɗanda ake mannawa da gam ƙarin tsawo ne kawai ga motar da take da filafilai, ba sa sauya komai da kansu, kuma zafin rana kan saki gam ɗin. Marasa waya kuwa sun dogara da ƙaramin batir, wanda ke iya mutuwa a lokacin da direba ke neman ƙaramar giya a gangara.

Haɗin gida ya fi araha: makunnai biyu masu inganci, farantin alminiyam da aka yanke aka goge bakinsa, da wayoyin da za a jona da na sandar giya. Ga wanda ya zaɓi wannan hanya, ya fi dacewa ya ɗaure filafilan a jikin bututun sitiyari, inda ba sa juyawa, kamar yadda Ferrari take yi. Da haka babu buƙatar taɓa jakar iska ko wayoyinta masu launin rawaya, waɗanda kuskure guda a kansu zai iya hana jakar buɗewa ranar haɗari. Duk da haka a cire batirin motar kafin a fara aiki, a auna kowace waya da mitar lantarki maimakon dogaro da launinta, sannan a gwada motar a filin da babu jama'a kafin a hau titi.