TLC5940 ko PCA9685: wanne ya fi dacewa da tuƙa babbar turanzista?

Ɗan'uwa, ka tambaya wanne daga cikin waɗannan cif biyu za ka saya domin sarrafa hasken zaren LED mai volt 12 da ke jan amp 2. Dukansu suna da ƙafafun fita 16 da matakan haske 4096, kuma babu wanda zai iya ɗaukar wannan nauyi shi kaɗai, don haka dole turanzista ta shiga tsakani.

TLC5940 na kamfanin Texas Instruments an ƙera shi ne domin ya ja wuta daga LED zuwa nagetif, har miliamp 120 a kowace ƙafa, amma ba ya tura wuta waje. Idan ka haɗa shi da MOSFET irin N (turanzistar da ake kunnawa da volt a ƙafarta mai suna get), sai ka sa resista daga get zuwa volt 5, kuma a nan aikin ke juyewa: cif ya kunna, fitila ta mutu, cif ya kashe, fitila ta kama. Abin da ya fi damuna shi ne, da zarar ka ba allon wuta, kafin Arduino (ƙaramar kwamfutar da ke sarrafa cif ɗin) ya fara aika umarni, zaren na iya haskawa da cikakken ƙarfinsa. Ga kuma sigina na agogo da yake buƙata daga Arduino ba ƙaƙƙautawa.

PCA9685 na NXP kuwa yana turawa yana kuma ja, miliamp 10 waje da 25 ciki, wanda ya wadatar ga get a gudun kunnawa da kashewarsa da bai wuce hertz 1526 ba. Yana da agogonsa a ciki, waya biyu na I2C (hanyar aika masa umarni daga Arduino) sun ishe shi. Ka sa resista ohm 220 tsakaninsa da get, wata kilo-ohm 10 daga get zuwa nagetif, sannan ka haɗa nagetif ɗin volt 12 da na allon wuri ɗaya.

Shawarata ita ce ka ɗauki PCA9685 tare da MOSFET mai lamba IRLZ44N, domin volt 5 ya isa ya buɗe ta sosai. Ka guji IRF540, wadda ke son kusan volt 10 a get, haka ma turanzistar TIP120, wadda ke cinye fiye da volt 1 a jikinta har ta yi zafin da ba za ka iya ɗora yatsa ba idan babu ƙarfen sanyaya ta.