Da wane kayan aiki za ka ƙaurar da ma'ajiyar kod ba tare da ka ɓata tag ba?

Samarinmu masu rubuta manhaja a Nima da Mamobi, masu yi wa shaguna da makarantun Islamiyya aiki, suna yawan tambayar da me za su kwashe tsohuwar ma'ajiyarsu ta Git, wato manhajar da ke adana tarihin canje-canjen kod, zuwa sabuwar saba. Duk kayan da zan ambata kyauta ne, ko sidi ɗaya ba za ka biya ba. Abin dubawa shi ne tag, wato alamar da ake liƙa wa wata sigar kod, domin shi ne shaidarka a gaban mai aiki cewa wannan sigar ce ka miƙa masa.

Tag mai sa hannu, na mabuɗin sirri na GPG ne ko na SSH da Git 2.34 ya kawo a 2021, sa hannun ya rufe sunan tag ɗin, da lambar kwamit (canjin da aka ajiye a tarihin kod) da yake nunawa, da sunan wanda ya sa shi, da saƙonsa. Ka canza ko harafi ɗaya a cikin tag ɗin, ko ka mayar da sunan da ke cikinsa daga v1.0 ya zama release-1.0, sai git tag -v, umarnin da ke tabbatar da sa hannu, ya ce bai san zancen ba. Saboda haka fara tambayar kanka: tarihin zai canza ko kuwa?

In ba zai canza ba, kada ka wahalar da kanka. git clone --mirror sannan git push --mirror, komai zai isa yadda yake. In data ta yi tsada ko dumso ya dame ku, git bundle zai dunƙule ma'ajiyar a fayil ɗaya, ka sa a filashi ka kai wa abokin aikinka a Madina. Ni dai wannan nake fara ba kowa shawara.

git fast-export da fast-import, masu fitar da tarihi da sake shigar da shi, na wanda ya san abin da yake yi ne. Da fast-export ya ci karo da tag mai sa hannu sai ya tsaya cak, sai ka zaɓa masa ta --signed-tags. Zaɓin strip yana cire sa hannun. Shi kuwa verbatim yana kwafe shi yadda yake, kuma nan haɗarin yake: in lambobin kwamit sun canza, ka samu tag mai hatimin da ba ya tabbata, kamar takardar fili da aka goge sunan mai ita. Gara babu sa hannu da a ce akwai na bogi.

In dole ce ta sa a taɓa tarihi, misali wani ya tura kalmar sirri cikin kod, git filter-repo na Elijah Newren ya fi, kuma takardun Git da kansu shi suke nunawa maimakon tsohon umarnin filter-branch. filter-repo yana da --tag-rename na canza sunan tag, amma sa hannu zai tafi. Ka adana tsohuwar ma'ajiyar gefe, ka sake sa hannu a sababbin tag.

Masu fitowa daga Subversion, wani tsarin adana kod da ya riga Git, su lura: a can tag folda ne kawai da aka kwafa, shi ya sa git svn ke shigo da shi a matsayin reshe, sai ka mayar da shi tag da hannunka. Git kuma ba ya karɓar suna mai sarari ko ~ ko ^ ko :, don haka gwada sunayen da git check-ref-format tukuna. Tsohon tarihi mai sarƙaƙiya kuwa sai reposurgeon na Eric Raymond, wanda da shi aka mayar da GCC, manhajar fassara kod ta GNU, zuwa Git a 2020, sai dai koyonsa zai ci maka lokaci sosai.