Ofishin ɗaliban lauya na jami'a: sun fito mana da yaro ba ko sisi, amma akwai magana

Tun bara nake cewa zan rubuta wannan abu ban samu zama ba, sai jiya da wata maƙwabciyarmu ta shigo wajen Umma tana kuka an kama ɗanta, na ce to bari dai in rubuta kowa ya gani.

Mu abin da ƙanina ya faru, ɗan adaidaita sahu ne, ya sayi waya ta hannu a wajen wani, ashe wayar ta ƙwace ce har an yanki mai ita da wuƙa. Aka bibiyi wayar aka zo aka same ta a aljihunsa. Daga caji ofis sai kotun majistare, aka rubuta masa haɗa baki da fashi, alƙali ya ce shi ba shi da hurumin wannan shari'a, a kai shi gidan yari a jira shawarar ma'aikatar shari'a. Wallahi wannan kalma ta "jiran shawara" sai da ta ci mana wata biyar. Lauyan farko da muka je wajensa ya ce mu ajiye dubu 200 kafin ma ya buɗe fayil, mu da ke haɗa kuɗin cefane da ƙyar, ga mai keken ya zo ya karɓe abinsa tunda ba balas.

Wani abokina malamin firamare ne ya ce min ka je jami'a, tsangayar koyon aikin lauya suna da ofis da suke kira kilinik, kyauta suke yi. Na ce kilinik kuma, ciwo na ce maka muna yi? Ya yi dariya ya ce kai dai je ka.

Ofishin ɗaki ɗaya ne, tebur biyu, kabad ɗin ƙarfe mai ƙofa ɗaya a karye, fanka tana juyawa kamar ba ta so. Ɗalibai uku na tarar, 'yan aji huɗu da aji biyar, mace ɗaya maza biyu. Macen ce ta karɓe ni, ta ce "Yaya zauna, ka faɗa min tun daga farko kar ka tsallake komai ko da kana ganin ba shi da amfani." Ta kusa awa ɗaya tana rubutu. Abin da ya fi ba ni mamaki tambayar da ta yi wadda duk wata biyar ɗin nan ba wanda ya yi mana ita: da ya sayi wayar ta yaya ya biya? Na ce tiransifa ya yi ta POS. Ta ajiye biro ta ce to ai nan maganar take, a nemo rasit ko a je banki a ciro sitatimen. Mu duk hankalinmu bai taɓa kaiwa nan ba, muna ta yawon neman wanda ya san wani.

Gaskiya a nan sun burge ni. Ba su yi min alƙawarin ƙarya ba, tun ranar farko suka ce su ɗalibai ne, doka ba ta ba su damar tsayawa gaban alƙali ba sai wanda ya gama makarantar lauyoyi aka rantsar da shi, nasu shi ne bincike da rubuta takardu da bin fayil, malaminsu Barista shi ke sa hannu ya shiga kotu. Kuma sun bi fayil ɗin nan kamar na ɗan uwansu. Sun je gidan yarin sun gan shi, sun gano ashe fayil ɗin ma bai taɓa barin hannun ɗan sanda mai bincike ya tafi ma'aikatar ba, wato shawarar da muke jira ba wanda aka tambaya balle ya bayar. A wajensu na fara jin cewa tsarin mulki sashe na 35 ya ce a kai mutum kotu cikin awa 24 ko 48, kuma dokar shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta ce umarnin tsarewa na farko kada ya wuce kwana 14 sai an dawo an sabunta. Mu ina muka san wannan. Kusan biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin ƙasar nan jiran shari'a suke, ba a yanke musu hukunci ba, to ka ga irin ƙanina ne suka cika wajen.

Bayan mako bakwai shawara ta fito cewa ba shi da hannu a fashin, aka sallame shi. Abin da na kashe duka kuɗin fotokwafi ne da na mota, bai kai dubu 6 ba. Na kai musu lemo katan ɗaya suka ƙi karɓa, sai da Umma ta sa baki ta ce "'ya'yan nan ku karɓa ko don albarka" sannan suka ɗauka.

To yanzu ga inda nake da ƙorafi. Ana tsakiyar aikin nan sai aka shiga jarrabawa, mako biyu cur ofis a kulle, lambar da suka ba ni tana shiga ba a ɗauka, shi kuma yana can ciki yana ƙirga kwana. Da aka dawo ɗaya daga cikin samarin ya gama ya tafi, wanda ya gaje shi sai da na sake ba shi labari daga farko. Sannan ba allo ba komai, sai da na tambayi masu gadi uku kafin na gane ginin, in tsohuwa ce daga ƙauye wallahi juyawa za ta yi.

Da na yi wa Barista wannan ƙorafi bai musa ba. Ya ce min Malam aikin nan da kuɗin tallafi yake tafiya, lokacin da suke da shi har mota suke ɗauka duk mako su kai ɗalibai gidan yari da ƙauyuka, akwai ma ma'aikaci guda da ke zama ofis ko ana hutu, da wa'adin tallafin ya ƙare sai komai ya koma aljihunsa da na ɗalibai. Daga baya na bincika na ga ashe haka tsarin ya taso, ƙungiyar NULAI ta masu ba da taimakon shari'a a jami'o'i, da aka kafa 2003, ita ta kawo irin waɗannan ofisoshi jami'o'in Najeriya, Jami'ar Maiduguri na cikin na farko-farko, kuma gidauniyoyin Amurka irin su MacArthur da Open Society suka riƙa sa kuɗi. Madalla da su, amma ni abin da ban gane ba shi ne jami'a da take karɓar kuɗin makaranta, ga TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, ana ta gina manyan ɗakunan taro, a ce kuɗin man mota zuwa gidan yari sai an jira wani daga ƙetare? Su ma fa ɗaliban riba suke ci, yarinyar nan da kanta ta ce min abin da ta koya a kes ɗinmu ya fi na zango guda a aji.

In za ka je, ka tafi da lambar ƙara da sunan kotun da ranar da aka kama mutum, da duk wata takarda ko rasit, ka je da safe tsakiyar zango ba lokacin jarrabawa ba, kuma ka karɓi lambar mutum biyu kar ka tsaya a ɗaya. In maganar gaggawa ce irin ta yau da gobe ka haɗa da ofishin Legal Aid, hukumar gwamnati da ke ba marasa ƙarfi lauya, su ma kyauta ne.

Tauraro huɗu na ba su cikin biyar, ɗayan na riƙe shi saboda mako biyun nan. Maƙwabciyar tamu kuma gobe Litinin ƙarfe tara zan raka ta da kaina, na ce ta nemo takardar da aka ba su a kotu ta sa a jaka tun daren yau.